Wanda Ya Ƙi Allura Yana da Hujjarsa

Shekaru da dama na yi ina aikin riga-kafi a ƙasar Malbaza, tun daga unguwannin da ƙurar siminti take sauka kan rufin ɗakunansu har zuwa ƙauyukan manoman albasa na kewayen Galmi, kuma abin da na fahimta shi ne, jama'ar da ake tuhuma da jahilci in sun ƙi allura, su ne dai waɗanda suke yi mana sammako da goyo a baya idan suka ji sanƙarau ya shigo. A 2015, da annobarsa ta halaka fiye da mutum 500 a Nijar, ba mu yi lallashin kowa ba, domin duk uwar da ta taɓa ganin wuyan yaro ya sanƙare ba ta bukatar wa'azi.

Amma da aka buɗe allurar korona ranar 29 ga Maris 2021, sai mu wuni da akwatin sanyi a inuwar bedi, masu zuwa ba su cika tafin hannu ba. Wani dattijo ya ce mini: "Ɗana, wa ka binne da wannan ciwon? Masassara ce take ɗauke mana jikoki kowace damina, amma maganinta sai mun saya." Ban iya musa masa ba.

Ƙari a kan haka, zukata ba su huce ba daga rufe masallatai da aka yi a 2020, sannan labarin gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996, da ƙaurace wa ɗigon shan inna a 2003, fatake sun daɗe da tsallako da su ta Illela da Ƙonni, kafin WhatsApp ya zo ya ƙara musu gishiri da ƙagen hana haihuwa. Ga shi kuma azumin 2021 ya kama cikin Afrilu, kowa yana shakkar ko allura tana karya shi.

Abin da ya sassauta al'amarin a wani ƙauye shi ne liman, wanda bayan Juma'a ya bayyana fatawar malamai cewa allurar da ba abinci ba ce ba ta ɓata azumi, ya ambaci yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba ba tare da tawakkalinsa ya ragu ba, sa'an nan ya naɗe hannun riga a gaban jama'a. Da allurar Johnson & Johnson ta zo, mai sau ɗaya, 'yan ci-rani suka karɓa, maniyyatan 2022 kuwa da ƙafarsu suka nemo mu.

Ni dai tun lokacin ba na tsira wa kowa allura sai na faɗa masa gaskiya, cewa damtse zai yi tsami, wataƙila jiki ya yi zafi kwana ɗaya ko biyu, kuma in ya wuce haka ya dawo likita ya same ni.