Wauta da Zugazugin Maƙeri

A cikin Turanci akwai wata kalma, "folly", ma'anarta wauta. 'Yar'uwarta ita ce "fool", watau wawa. "Fool" shi ne mutumin, "folly" kuwa aikin da ya aikata.

Asalinsu duka wata kalma ce ta Latin, harshen Rumawan dā, "follis", watau zugazugi irin na maƙeri. Zugazugi yakan kumbura ya yi ta huci, amma ba kome cikinsa sai iska. Don haka aka kamanta wawa da shi. Daga Latin kalmar ta shiga Faransanci. A shekara ta 1066 Normawa daga ƙasar Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Bayan haka kalmomin Faransanci da yawa suka shiga Turanci, har da waɗannan biyu.

Ba kowane kuskure ake kira "folly" ba. Yaron da ya faɗi lissafi, kuskure ya yi. Amma manomin da ya cinye irin shukarsa da rani, alhali ya san damina tana tafe, wannan aikinsa "folly" ne.

Lalle ɗan makaranta ya kiyaye bambancin nan. Wanda ya ce wa mutum "fool" ya zage shi, faɗa yana iya tashi. Wanda kuwa ya ce aikin mutum "folly" ne, aikin kaɗai ya kushe, ya bar wa mai shi hanyar gyara. Ko mai hikima yakan yi wauta wata rana.