Baiwoyi Biyar Da Ake Raina A Gasar Pokémon Ta Biyu-Da-Biyu, Da Yadda Za Ka Ci Wasa Da Su A Wayarka

Yau za mu duba wasan Pokémon na gasa, musamman tsarin VGC, inda kowane ɗan wasa ke zuwa da dodanni shida, ya zaɓi huɗu, biyu su tsaya a fili a lokaci guda. Ba sai kana da Nintendo Switch ba. Shafin play.pokemonshowdown.com kyauta ne, yana buɗewa a burauzar waya, kuma ko a nan Maikujera da kewayen Rabah, Wurno da Goronyo, inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa, ana iya buga shi.

Kowane dodo yana da baiwa guda ɗaya da ke aiki da kanta ba tare da ka danna komai ba. Wasan na kiranta Ability. An fara kawo ta ne a Ruby da Sapphire a 2002, kuma yanzu akwai sama da 300. Matsalar sababbin 'yan wasa ita ce kwafe: su ɗauko tawagar wani daga intanet, su bar baiwar yadda suka same ta, su sha kashi sau goma ba su san dalili ba. Data ta tafi, caji ya tafi. Abin da nake so ka riƙe shi ne: baiwa ba ta da kyau ko muni ita kaɗai, darajarta tana ga abin da take toshewa a cikin abubuwan da ka fi haɗuwa da su.

Lissafin da ya kamata ka sani tukuna

Ƙarfin dodo yana hawa da sauka mataki-mataki. Hawa ɗaya na nufin ninki ɗaya da rabi, hawa biyu ninki biyu. Sauka ɗaya kuwa na barin ka da kashi biyu cikin uku. Wato dukan da zai cire 90 zai koma cire kusan 60. Shi ya sa baiwar Intimidate, wadda ke rage ƙarfin dukan abokan gaba biyu da mataki ɗaya da zarar mai ita ya shigo fili, ta cika gasa. Incineroar ne ya fi shahara da ita, kuma yana haɗa ta da Fake Out, dukan da ke riga kusan kowa sauka ya hana wanda aka buga motsi a wannan zagayen.

1. Inner Focus

Kusan duk wanda ya ɗauki Dragonite, Multiscale yake sa masa, domin tana raba illar duka biyu matuƙar ransa a cike yake. A wasan ɗaya-da-ɗaya wannan daidai ne. A biyu-da-biyu kuwa, duba abin da Incineroar zai yi masa: ya shigo ya rage masa ƙarfi, ya buga Fake Out, Dragonite ya rasa zagayensa, kuma ransa ya ragu, Multiscale ta daina aiki. Asara uku a zagaye ɗaya.

Inner Focus tana hana wannan razanar, kuma tun daga Sword da Shield na 2019 tana toshe Intimidate ma. Dragonite zai ji zafin Fake Out, amma zai saki Extreme Speed ɗinsa da cikakken ƙarfi. Manyan 'yan gasa sun daɗe da gano haka, masu kwafe daga tsarin ɗaya-da-ɗaya ne ke tsallake ta.

2. Competitive

Wannan ba toshewa take ba, ramuwa take. Duk lokacin da abokin gaba ya rage wa mai ita wani abu, ƙarfin harinsa na musamman zai hau mataki biyu. Milotic ce aka fi sani da ita. Incineroar na shigowa, Intimidate ta rage mata ƙarfin dukan da dama ba ta amfani da shi, ita kuma harinta na ruwa ya ninku biyu, ga Incineroar jinsin wuta ne. Kamar a kokawa ne, mutum ya kawo ƙafa zai yi maka taɗiya, ka kama ƙafar ka kayar da shi. Ko ba ka fito da ita ba, ganin Milotic cikin shidanka kan sa abokin karawa ya yi tunani sau biyu kafin ya fara da Incineroar.

3. Storm Drain

Wanda ya taɓa ganin noman rani a ƙasan madatsar ruwan Goronyo ya san yadda ake tare ruwa a karkatar da shi zuwa wani fage. Aikin Storm Drain ke nan. Duk harin ruwa da aka nufi dodo ɗaya da shi, Gastrodon zai janyo shi kansa, ba zai ji komai ba, kuma harinsa na musamman ya hau mataki ɗaya. Idan ka tsayar da shi kusa da dodon wuta ko na dutse, ka rufe masa babbar ƙofa. Har Surging Strikes na Urshifu, wanda ke ratsa Protect, yana ƙarewa ne a jikin Gastrodon.

Sai dai ka lura da abu biyu. Harin da ke bugun mutum biyu lokaci guda, irin su Muddy Water da Water Spout, ba ya karkata: Gastrodon zai tsira, abokinsa zai sha. Sannan harin ciyawa na yi masa illa ninki huɗu, don haka in ka ga Rillaboom, ka yi hattara.

4. Friend Guard

Clefairy ƙarama ce, ba ta kai matakin ƙarshe na girmanta ba, shi ya sa sabon ɗan wasa ke tsallake ta ya ɗauki Clefable. Amma Clefable ba ta da Friend Guard. Wannan baiwar tana rage illar duk dukan da aka yi wa abokin tsayuwarta da kashi 25 cikin 100: abin da zai cire 100 ya koma 75. A gasa, wannan ne bambanci tsakanin faɗuwa da duka ɗaya da samun damar ramawa. Ka ba ta Eviolite, abin riƙewa da ke ƙara kariya da rabi ga dodon da bai gama girma ba, ka sa mata Follow Me da ke janyo hare-hare kanta, sai ka samu mai gadi na gaske ga dodon da ke buƙatar zagaye ɗaya ya haɗa ƙarfi.

5. Overcoat

Amoonguss yana da makami biyu masu ban haushi: Spore mai sa barci, da Rage Powder mai janye harinka daga inda ka nufa. Dukansu gari ne, kuma Overcoat tana kare mai ita daga duk wani harin gari, da kuma illar guguwar rairayi. Yawanci ana magance wannan da Safety Goggles, amma dodo abu ɗaya kawai yake riƙewa. Kommo-o ko Mandibuzz mai Overcoat ya samu wannan kariyar kyauta, hannunsa kuma a sake yake ya riƙe wani abin.

Misali daga gasar duniya

A gasar duniya ta 2014 da aka yi a Washington ta Amurka, Sejun Park ɗan Koriya ta Kudu ya ɗauki kofi da Pachirisu a tawagarsa, ɗan ƙaramin kurege da ba a lissafa shi cikin masu ƙarfi. Baiwarsa Volt Absorb ce, wadda ke mayar da harin lantarki ya zama ƙarin rai. A tawagar akwai Gyarados, wanda lantarki ke wa illa ninki huɗu. Pachirisu na yin Follow Me, lantarkin da aka harba wa Gyarados sai ya faɗo kansa. Park bai ɗauke shi don burgewa ba, rami ya gani a tawagarsa ya nemo abin da zai cike shi. Kuma tun 2023 ana nuna wa juna takardar tawaga a manyan gasanni, har da baiwoyi. Baiwar da ke aiki don kawai ba a zata ba, ba za ta kai ka nesa ba.

Yadda za ka gwada a wayarka

1. Buɗe Showdown, ka zaɓi suna. A saituna ka kashe motsin hotuna da sauti idan wayarka na nauyi.
2. A kowane ɗakin hira rubuta /dt inner focus, zai ba ka bayanin baiwar. Rubuta /ds inner focus, zai jero maka dodannin da ke da ita.
3. Shiga Teambuilder ka zaɓi tsarin VGC na yanzu. Dokokin na canzawa lokaci zuwa lokaci, don haka danna Validate ka tabbatar dodon ya halatta.
4. Buga wasa goma da tawagarka yadda take. Duk wanda ka faɗi, rubuta abin da ya kashe ka.
5. Abin da ya fi maimaituwa a rubutun, shi za ka nemar wa baiwa. Canza abu ɗaya tak, ka sake buga goma. In ka canza uku a tare, ba za ka san wanne ya yi aiki ba.
6. Gwada lissafin a calc.pokemonshowdown.com kafin ka yanke hukunci.

Ka riƙa kwafe tawagarka ta Import/Export kana adana ta a wani wuri, domin goge bayanan burauza na iya tafiya da ita. Kada kuma ka shiga wasan neman maki lokacin da netwok ke rawa, domin idan ka katse agogo ya ƙare, faɗuwa za a rubuta maka.

Ga masu koyon rubuta manhaja, Showdown wanda Guangcong Luo ya fara a 2011 a buɗe yake a GitHub. Nemi fayil ɗin data/abilities.ts. Za ka ga kowace baiwa 'yan layuka ce na TypeScript. A ƙarƙashin Friend Guard, misali, za ka tarar da 0.75 ɗin nan da muka yi magana a kai. Karanta shi na koya maka wasan, yana kuma nuna maka yadda ake tsara lambar manhaja mai tsafta.

A darasi na gaba za mu duba abubuwan riƙewa da yadda ake raba su tsakanin dodanni shida. Kafin nan, ka buga wasanninka goma ka riƙe rubutunka, da shi za mu yi aiki. Sai mun haɗu.