KA BAR UWAR TA TAFI

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:6-7, Farawa 2:15, Zabura 50:10-11



Wata Lahadi a nan Treichville na tambayi yaran makarantar Lahadi, wa ya taɓa ganin giwa? Dukansu suka ɗaga hannu. Da na ce, "A ina?" sai suka ce a jikin rigar 'yan ƙwallon ƙasa. Muka yi dariya, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Sunan ƙasar da muke zaune, Kwaddebuwa, ma'anarsa gaɓar hauren giwa. Sunan yana nan, giwar kuwa tana ƙarewa.

Abin da Allah ya umarta

A cikin karatunmu na yau, Allah ya ba Isra'ilawa wata doka da yawancinmu ba mu taɓa jin wa'azi a kanta ba. Idan mutum yana tafiya ya tarar da sheƙar tsuntsu, uwa tana kwance a kan ƙwai ko 'ya'ya, an yarda ya ɗauki 'ya'yan, amma dole ya saki uwar. Allah kuma ya haɗa wannan doka da alkawarin zaman lafiya da tsawon rai.

Ka lura da abu biyu. Na fari, Allah bai hana mutum ci ba. Ya san muna da ciki, ya san muna da iyali. Na biyu, ya sa iyaka. Idan ka bar uwa, baɗi za a sami wata sheƙa. Idan ka haɗa da ita, ka cinye naka, ka cinye na jikokinka. Tun a gonar Aidan aikin Adamu kashi biyu ne, ya noma gonar, ya kuma kiyaye ta. Zabura 50 ta tuna mana cewa namun jeji da tsuntsayen duwatsu na Allah ne. Ashe mu ba masu dukiya ba ne, masu riƙon amana ne.

Yadda muka riƙe amanar

Ɗan'uwa, bari mu duba gida. A da, kurmin ƙasar nan ya kai wajen hekta miliyan 16. Ƙidayar da aka fitar a 2021 ta nuna abin da ya rage bai kai miliyan 3 ba. Yawancinsa an sare ne domin katako da gonakin koko. Wani bincike na 2020 ya duba gandun daji 25 da aka san su da giwaye, sai a huɗu kaɗai aka same su. Birin nan mai kama da mutum, wanda a gandun Taï yake fasa ƙwallon itace da dutse, yawansa ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 1990 da 2007.

Kada ka ce wannan zancen daji ne, ni ɗan birni ne. A 2017 an kama wajen tan uku na ɓawon ɗankunya a nan Abidjan, ana shirin fitar da shi waje. Ka yi tunanin dabbobi nawa aka kashe kafin a tara wannan. Itacen madobiya ma an yi ta sarewa ana lodawa a jirgin ruwa zuwa Sin, har gwamnati ta hana sare shi a 2013. Ungulu kuma fa? Muna yara ba a rasa ta a mahauta, tana kwashe mushe kyauta, tana tsare mu daga cuta. Yau ana kashe ta da guba domin a sayar da kanta ga masu tsubbu, har tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da suke bakin ƙarewa.

Gwamnati ta hana farauta a ƙasar nan a 1974, duk da haka naman daji bai daina shigowa birni ba. Me ya sa? Domin akwai mai saye. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maharbi ya harba, amma kuɗinmu ne ya cika masa bindiga.

To, talaka fa?

Wani zai ce, "Fasto, mai farautar nan yunwa ce ta kai shi." Gaskiya ne, kuma bai kamata mu da muka ƙoshi mu yi saurin yanke masa hukunci ba. Amma dokar sheƙar tsuntsu ba ta ƙin talaka, tana kāre shi ne. Ranar da daji ya ƙare, mai kuɗi zai sayi abinci daga wata ƙasa, talaka ne zai rasa nama, ya rasa saiwar magani, ya rasa inuwa da ruwan sama. Idan ikilisiya ta ce wa mutum ya bari, sai ta kuma taimake shi da jarin kiwon kaji, ko zomo, ko gyazbi.

Abin da za ka iya yi

1. Kada ka sayi naman dabbar da doka ta hana, ko fatarta, ko haurenta, ko ɗanta domin kiwo a gida.
2. Ka guji layu da magungunan da ake haɗawa da kan ungulu ko sassan namun daji. Mai bi ba ya bukatarsu, Ubangiji ne mai tsaronsa.
3. Idan ka ɗebi sassaƙe ko saiwa domin magani, kada ka kashe itacen. Idan ka sare ɗaya, ka dasa wani.
4. Ka kai 'ya'yanka kurmin Banco. In ka shiga gbaka daga Adjamé zuwa Yopougon, ta gefensa kake wucewa. Tun 1953 aka keɓe shi, girmansa ya fi hekta dubu uku, a tsakiyar birni. Bari yara su ga aikin hannun Allah da idonsu.

Nuhu bai zaɓi dabbobi masu daɗin ci kaɗai ya shigar jirgi ba, kowane iri ya shigar, gama haka aka umarce shi. Bayan rigyawa kuma, Farawa 9 ta nuna alkawarin bakan gizo ya haɗa da kowane mai rai. Abin da Allah ya ga ya isa a cece shi, kada mu ce ba shi da amfani.

Tambayoyi domin nazari

1. Wace dabba ko wane itace ka sani kana yaro wanda yanzu ba ka gani?
2. A cikin sana'arka ko cefanenka, ina kake haɗawa da uwa da 'ya'ya?
3. Me ƙungiyarku a ikilisiya za ta iya farawa a wannan wata?

Addu'a

Ya Uba Mahalicci, duniya da abin da yake cikinta naka ne. Ka gafarta mana haɗama da rashin kula. Ka koya mana mu ci da godiya, mu kuma rage wa na baya. Cikin sunan Yesu, Amin.