Gargaɗin Faifan Ajiya Yayin Kunna Kwamfuta: Ma'anarsa da Matakan Ɗauka

Gabatarwa

A wata makarantar sakandare da na ziyarta a yankin Kazaure, na tarar da malamin da ke riƙe da sakamakon jarrabawar ɗalibai yana kunna kwamfutarsa ta kan tebur. Sai wani rubutu ya bayyana fari a kan baƙi, kwamfutar ta tsaya cak. Ko kallonsa bai yi ba, ya danna F1, ta ci gaba da tashi. Da na tambaye shi, sai ya ce: “Ai Malam, kullum haka take yi, ta fi wata biyu.” Rubutun kuwa sanarwa ce cewa faifan da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai na shekaru da dama ya kama hanyar mutuwa.

Tun daga farkon shekarun 2000, zamanin gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki, lokacin da aka kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure, na'urar nan ta yi ta yaɗuwa cikin makarantu da ofisoshi har zuwa Roni da Gwiwa da Babura. Da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, buƙatar ta ƙaru. Da yawa daga cikin kwamfutocin na hannu ne, waɗanda suka yi aiki a ƙasashen waje kafin su iso kasuwannin Kano. Saboda haka wannan darasi zai bayyana yadda faifan ajiya yake aiki, da dalilin gargaɗin, da abin da ya kamata a yi.

Yadda faifan ajiya yake

Faifan ajiya, wanda masu gyara suke kira had-dis, shi ne rumbun kwamfuta. Duk abin da aka adana yana zaune cikinsa ko da an kashe wuta. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956, da faranti 50 masu faɗin inci 24 kowanne, kuma duka abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Na kwamfutar kan tebur a yau bai fi tafin hannu girma sosai ba.

A cikin akwatinsa akwai faranti ɗaya ko fiye, na alminiyam ko gilashi, an shafe su da sinadari mai ɗaukar maganaɗisu. Wata 'yar mota tana juya su sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Sau 7,200 a minti, watau sau 120 ke nan a daƙiƙa, kuma bakin farantin yana gudun da ya haura kilomita 120 a sa'a, kamar motar da ta saki wuta a kan titin Kano zuwa Daura. A saman farantin akwai wani hannu mai ɗan kai a bakinsa, kamar allurar garmaho, shi ne mai rubutawa da karantawa. Bambancinsu shi ne wannan allura ba ta taɓa farantin. Iskar da juyawar ke haifarwa ce take ɗaga ta.

Tazarar da ke tsakaninsu kimanin nanomita 10 ce ko ƙasa da haka. Ɗalibin ilmin halittu zai gane ƙanƙantar wannan idan ya tuna cewa faɗin jar ƙwayar jini guda ya kai nanomita 7,500, watau ninkin tazarar sau 750. Don haka ƙwayar ƙura ɗaya, ko bugu ɗaya a jikin tebur lokacin da farantin ke juyawa, na iya sa allurar ta karce shi. An kasa fuskar farantin zuwa gurabe miliyoyi, kowane gurbi a tsofaffin faifai yana ɗaukar bayit 512. Inda aka karce, gurbin ya lalace.

Daga ina gargaɗin yake fitowa?

Da zarar an kunna kwamfuta, kafin Windows ta tashi, wani ƙaramin shiri mai suna BIOS yana bin sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda malamin aji ke kiran suna da safe. Idan ya zo kan faifan ajiya, yakan tambaye shi lafiyarsa. Faifan kuwa yana da tsarin binciken kansa da ake kira S.M.A.R.T., wanda ma'anarsa ita ce fasahar lura da kai da nazari da ba da rahoto. IBM ce ta fara irin wannan tsari a 1992, kamfanin Compaq ya fito da nasa tare da masu ƙera faifai, sannan a 1995 aka haɗu kan tsari guda.

Faifan yana ƙirga abubuwa da dama game da kansa, kowanne da lambarsa. Lamba 5 ita ce yawan guraben da suka lalace aka maye gurbinsu. Lamba 9 sa'o'in da ya yi a kunne. Lamba 194 zafin jikinsa. Lamba 197 guraben da ake shakkarsu, suna jiran hukunci. Masu ƙera faifan sun sa iyaka ga muhimman ƙidayoyin, kuma idan ɗaya ta ƙetare iyakarta, sai faifan ya shaida wa BIOS cewa ba shi da lafiya. A wasu kwamfutoci rubutun yakan zo kamar haka: “S.M.A.R.T. Status BAD, Backup and Replace.” Ma'anarsa: lafiyar faifai ta ɓaci, kwafe kayanka ka sauya shi. A wasu kuma lambar 1720 ce take zuwa a gaban saƙon. Danna F1 izini ne kawai na ci gaba da tashi, ba ya gyara komai.

Darasi daga ƙoda

Kowace ƙodar ɗan Adam tana da 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya masu tace jini. Idan wasu suka mutu, sauran sukan ɗauki aikinsu, mutum ya yi ta harkokinsa bai san abin da ake ciki ba. Alamomin ciwo ba sa fitowa sai ɓarnar ta yi nisa. Haka abin yake ga faifan ajiya. An tanadar masa guraben ko-ta-kwana. Duk lokacin da gurbi ya lalace, sai ya mayar da aikin kan ɗaya daga cikinsu ba tare da ya sanar da kowa ba. Mai kwamfuta ba ya ganin komai, alhali tanadin yana raguwa. Lokacin da gargaɗin ya fito, an riga an ci tanadin sosai. Watau gargaɗin alama ce ta ciwon da ya daɗe.

A 2007 wasu masu bincike na kamfanin Google suka wallafa nazarin da suka yi kan faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka sami kuskure na farko a binciken fuskarsa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama ba ko kaɗan. Darasi biyu ke nan. Idan gargaɗi ya zo, a gaskata shi. Idan bai zo ba, kada a ɗauka faifan ba zai mutu ba.

Abubuwan da ke gajarta ransa a yankinmu

Na farko shi ne tsufa. Shekara ɗaya sa'o'i 8,760 ce. Faifan da ƙidayarsa ta nuna sa'o'i 35,000 ya yi aikin shekara huɗu ba dare ba rana, ko da kuwa akwatin kwamfutar yana sheƙi kamar sabo.

Na biyu shi ne zafi tare da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a arewa maso yammacin Jigawa yakan kai digiri 40 ko ya wuce, cikin akwatin kwamfuta kuma ya fi ɗakin zafi. Galibin faifai an ƙera su ne don su yi aiki a ƙasa da digiri 55 zuwa 60. Ƙurar hunturu ba ta cika shiga cikin faifan kansa ba, domin ƙofar shan iskarsa tana da matata, amma takan toshe fanka da ƙofofin akwatin, zafi ya taru.

Na uku shi ne ɗaukewar wuta bagatatan da hawa da saukar ƙarfinta, musamman inda ake dogara ga janareta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, gurbin yakan zauna rabi da rabi, ya ƙi karantuwa. Na huɗu kuwa shi ne girgiza: jan tebur, ko ɗaukar kwamfuta tana kunne, ko dakonta a bayan babur ba tare da matashi ba.

Kada a rikita gargaɗi da wani

Ba kowane rubutu ne yake nufin faifai ba. Idan kwamfuta tana manta kwanan wata da lokaci, tana neman a danna F1 ko F2, yawanci ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, mai lamba CR2032 da ƙarfin bolt 3, ya ƙare. Sauya shi abu ne mai araha. Idan kuma ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, mai yiwuwa waya ce ta yi sako-sako, ko kuma faifan ya riga ya mutu. Amma idan aka ji ƙara “ƙas, ƙas, ƙas” tana maimaituwa daga cikin akwati, allura ce take neman wurinta ta kasa samu, kuma kowane minti da aka bar shi a kunne ƙarin ɓarna ne.

Matakan ɗauka

1. A karanta saƙon, a kwafe shi a takarda ko a ɗauki hotonsa da waya.
2. A tanadi filash ko wani faifai kafin a sake kunnawa, domin ba a san sau nawa ya rage masa ya tashi ba.
3. A fara kwafe abin da ba shi da madadi: sakamakon jarrabawa, rajistar ɗalibai, takardun albashi, rubutun bincike. Fina-finai da waƙoƙi su zo daga baya.
4. Kada a goge faifan a sake zuba Windows da nufin magani. Gogewa ba ta ɗinke farantin da ya karce.
5. Kada a yarda mai gyara ya kashe gargaɗin daga cikin BIOS. Wannan daidai yake da fasa ma'aunin zafi don kada a ga zazzaɓi.
6. Kada a kwance faifan a buɗe shi, domin iskar ɗaki kaɗai ta isa ta ƙarasa shi.
7. A sauya shi. Idan kwamfutar tana da mahaɗin SATA, wanda ya fara yaɗuwa daga 2003, za ta karɓi sabon nau'in ajiya na SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa. Shi ma yana mutuwa, wani lokaci ba sallama.

Wanda zai sayi kwamfuta ta hannu, ya nemi a buɗe masa shirin CrystalDiskInfo, wanda kyauta ake samunsa, ya dubi lamba 5 da 9 da 197 kafin ya biya. Makarantar da take da hali ta sayi na'urar UPS mai riƙe wuta na 'yan mintoci, ta kuma riƙa busa ƙurar akwatunan bayan kowane hunturu.

Kammalawa

Manomin gero a Gwiwa ko Roni ba ya zuba irin baɗi duka a rumbu ɗaya, domin ya san gobara da gara da ɓera. Haka ya kamata makaranta ta yi da bayananta: kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash ko wani faifai, ɗaya kuma a wani gini dabam ko a intanet, a riƙa sabunta su ƙarshen kowane mako. Malamin da na ambata a farko ya kwafe kayansa a yammacin ranar, ya yi asarar fayil biyu da suka ƙi karantuwa, sauran suka tsira. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Aikin ɗalibai

1. Faifai yana juyawa sau 5,400 a minti. Sau nawa yake juyawa a daƙiƙa ɗaya?
2. Ƙidayar wani faifai ta nuna sa'o'i 26,280. Shekara nawa ke nan?
3. Bayyana kamancin da ke tsakanin guraben ko-ta-kwana da matatan ƙoda.
4. Tare da malaminku, ku duba lafiyar faifan kwamfutocin makarantarku, ku jera sakamakon a jadawali.