Gurasar Gida da Dabino da Citta Mai 'Ya'ya

'Yata, na ji an ce tun da aka kawo ki Unguwar Rimi kike marmarin gurasar Kano, har sai kin jira mai zuwa ta taho miki da ita a leda. Ba laifi ba ne. Wanda ya tashi da ƙamshin tanderun Jakara ba ya mantawa. Amma gurasa 'yar zafi-zafi ce, kafin ta iso Kawo rabin daɗinta ya tafi. Hannunki ma zai iya. Zauna in faɗa miki, ba sauri muke ba.

Kada rashin tanderu ya dame ki. Amfaninsa shi ne riƙe zafi, kuma kaskon ƙarfe mai kauri da murfi zai yi miki wannan aikin. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne haƙuri, kuma shi gurasa ta fi buƙata.

Ki auno fulawa gwangwanin madara 4. In kin samu garin alkama, irin wadda ake nomawa da rani a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga, ki sa gwangwani 1 a madadin na fulawa. Alkama zalla takan yi nauyi. Ki zuba yis cokalin shayi 2, sukari babban cokali 1, gishiri kaɗan, sai ruwa kamar gwangwani 2. Ruwan ya zama mai ɗumi irin na wankan jariri. Yis abu ne mai rai, 'yata. Ruwan zafi kashe shi yake, sai ki yi ta jira ƙullu bai motsa ba, ki ɗora wa mai shago laifi. Ki buga ƙullun sosai har ya yi danƙo, ya fi na fanke kauri. Ki rufe ki ajiye a wuri mai ɗumi.

A watan Afrilu awa 1 ta isa ya ninka. Da hunturu yakan kai awa 2, wani lokaci ya wuce. Kada ki biye wa agogo, ki duba ƙullun. Wadda ta gasa kafin ya tashi, gurasarta takan yi tauri, maigida ya ci don kara, yara su bar saura a faranti. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin ƙullun ya tashi, sai ki haɗa yaji. A nan nake so ki buɗe kunne. Ki je Kasuwar Bacci, ko babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi, wajen masu kayan ƙamshi, ki ce a ba ki citta mai 'ya'ya. Danginsu ɗaya da cittar Kaciya, amma waccan saiwa ce, wannan kuwa ƙwayoyi ne a cikin kwanso. A dazuzzukan kudu take fita, inda ruwa ya wadata. Tun da daɗewa ayarin raƙuma ke haura Sahara da ita, kuma da Turawan Fotugal suka iso gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 15, tana cikin abin da suke loda wa jiragensu. Mu kuma mun mayar da ita ta kunu da yajin jego kawai.

Ki saye ta da kwansonta, ki ɓare da kanki. Dakakken yajin da ya daɗe a faranti rana na dukansa, ƙamshinsa ya gudu, kuma ba ki san me aka ƙara masa ba. Araha ba ta ado. Ki soya riɗi babban cokali 3 a busasshen kasko har ya fara tsalle. Ki ɗan ɗumama citta mai 'ya'ya cokalin shayi 1, da ƙwayar masoro 4 ko 5, da kimba sili 1. Ita kimba ki fasa ki zubar da 'ya'yan, ɗaci ne da su, ƙamshin a bawon yake. Ki daka su tare da ɗan gishiri, riɗin ya shiga daga ƙarshe don kada ya yi mai. Na san hannun amarya da son cikawa. Ki daure. Wannan ba yajin tsire ba ne. In ya yi yawa, mai ci ba zai ji alkama ba, ba zai ji zaƙin dabino ba, sai raɗaɗi a maƙogwaro.

Sai 'ya'yan itace. Dabino, na Dutse ne ko busasshe na Agadas, ki cire ƙwallon, ki duba cikinsa saboda tsutsa, ki jiƙa a ruwan ɗumi, ki daka ya yi laushi. Mangwaro kuwa ki zaɓi wanda ya nuna amma bai luguiguice ba, don mai laushi narkewa yake ya zube a garwashi. In lokacinsa ya wuce, abarba da ayaba suna nan. Wuta tana janye musu ruwa, zaƙinsu ya taru. Abarba ma gashi na yi mata gyara. Ɗanyarta in ta jima da nono sai ya yi ɗaci, gasasshiya kuwa ba ta yin haka.

Yanzu wuta. Ki fita da kurfoti tsakar gida ko baranda. Ko sanyin Janairu ya kai ina, kada ki hura gawayi a rufaffen ɗaki. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya fara da ciwon kai, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ki bari harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farar toka. Ki jiƙa hannu, ki ɗebi ƙullu, ki faɗaɗa shi a kasko, ki rufe. Bayan minti 3 ko 4 ki juya. Wuta mai ƙarfi baya take ƙonawa ta bar ciki ɗanye, ɗanyen ƙullu kuwa kumburin ciki yake sa wa. In ta gasu, ki ɗora ta a kan waya ta ɗan sha ƙamshin garwashi, ki gasa mangwaron a gefenta. Ki shafa man shanu, ki shimfiɗa dabino, ki jera mangwaro, sannan ki barbaɗa yajin. Bayan an sauke ake sa shi, don in ya ƙone ɗaci yake. Mai son zuma ta ɗiga kaɗan, amma ban da jaririn da bai cika shekara 1 ba. In surukarki na da ciwon sukari, ki yi mata bandashe da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, ta ci daidai misali. Za ta san kin kula da ita.

Ta farko za ta iya ƙonewa. Kada ki yi fushi, duk gwanar da kika gani ta taɓa ƙona tata. Ki sake kwaɓawa ranar da ba ki da baƙi, har hannunki ya san wutar gidanki. Randa ta yi kyau, ki rufa biyu a kwano ki aika wa maƙwabciyarki. Baƙuwa ce ke a unguwar, kuma kwano ba ya dawowa haka nan. Ranar da kika kwanta ciwo, ko haihuwa ta zo da dare, ita za ta riga mu zuwa, mu da ke Kano.

Ki gaida maigidan. Allah ya sa albarka a hannunki, ya ba ku zaman lafiya.