Darasi: Abin Da Mai Karatu Ke Ji Game Da Ƙagaggen Labari

Wanda ya koyi karatu da girmansa yakan fara da wasiƙa, da katin asibiti, da rubutun jikin buhun taki. Idan karatu ya zauna masa, sai ya nemi littafin labari. A nan ne yakan gamu da abin mamaki. Ya san labarin ƙaga shi aka yi, amma sai ransa ya ɓaci, ko hawaye su zubo masa, ko barci ya gagare shi sai ya ga ƙarshen labarin. Darasin wannan wata a kan wannan ne.

Asalin littattafan

A shekarar 1933 aka shirya gasar rubuta labarai da Hausa a Zariya. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Bayan wannan, matasa maza da mata, musamman a Kano, suka shiga buga littattafai da kuɗinsu, ana sayarwa a kasuwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991.

Yawancin waɗannan sababbin littattafai zancen cikin gida suke yi: aure, da kishi, da saki, da karatun ’ya’ya mata. Shi ya sa suke taɓa zuciyar mai karatu, domin abin da ya sani ne yake gani a rubuce.

Misali ɗaya

A shekarar 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, wani ɗan kasuwa a Kano. ’Ya’yansu tara, amma ba ya ba da kuɗin cefane yadda ya kamata. Sai ya auro wata mace mai suna Delu. Rikici ya tashi, ya saki Rabi, ya kore ta da ’ya’yanta. Rabi ta kama sana’ar sayar da abinci, ta riƙe yaran. Daga baya gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, dukiya ta ƙare, Delu ta juya masa baya. A ƙarshe dangi suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta.

Labari ɗaya ne, amma kowa da inda zai taɓa shi. Matar da aka taɓa saki za ta iya jin haushin komawar Rabi, ta ce wahalarta ta tafi a banza. Dattijo zai iya cewa komawar ce daidai saboda yara. Magidanci mai shirin ƙara aure zai iya jin kamar da shi ake. Ita kuwa amarya za ta iya cewa an yi wa matan biyu kuɗin goro. Kowannensu ya karanta littafin ne tare da abin da ya taɓa gani a rayuwarsa.

Tambayoyi uku

Fushi ko tausayin da labari ya jawo ba abin kunya ba ne. Alama ce cewa mutum ya fahimci abin da ya karanta. Sai dai bai kamata a tsaya nan ba. Idan an rufe littafi, yana da kyau mai karatu ya yi wa kansa tambayoyi uku.

Ta farko: a wane wuri ne labarin ya fi taɓa shi? Ya koma ya nemo shafin, ya sake karantawa a hankali.

Ta biyu: me ya sa wurin ya taɓa shi? Wataƙila ya tuna masa da uwarsa, ko ’yarsa, ko wani abu da shi kansa ya aikata. Wanda ya ji zafin yadda Alhaji Abdu ke ƙuntata wa iyalinsa, sai ya dubi nasa gidan.

Ta uku: me marubucin yake so a gane, kuma shin gaskiya ya faɗa? Marubuci mutum ne, yana da ra’ayinsa. Ana iya yarda da shi a wani wuri, a saɓa masa a wani wuri.

Abin lura

Ƙagaggen labari ba hukunci ba ne. Ba kowace kishiya ce Delu ba, ba kuma kowane mai kuɗi ne Alhaji Abdu ba. Bai dace mace ta gama littafi ta hau kishiyarta da faɗa ba. Wanda labari ya tayar masa da tambaya a kan saki, ko idda, ko ciyar da yara bayan rabuwa, sai ya nemi malami ko ya je gaban alƙali.

Ko masana ma sun sha bamban a kan waɗannan littattafai. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu. Malam Ibrahim Malumfashi ya soke su, ya kira su Adabin Kasuwar Kano. Malam Abdalla Uba Adamu kuwa ya kare su, yana ganin sun sa jama’a da yawa son karatu. Tun da malaman jami’a ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, ɗan aji ma yana da ikon faɗin nasa ra’ayi, muddin zai kawo dalili. A shekarar 2012 an buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a ƙasar Indiya, har waɗanda ba su taɓa zuwa Kano ba suka san labarin Rabi.

Aikin aji

1. A zaɓi littafin labari ɗaya, kowane ɗalibi ya karanta shafi guda a bayyane.
2. Kowa ya rubuta jimla uku a kan wanda ya fi ba shi tausayi a labarin, da dalilinsa.
3. A tattauna: ya dace Rabi ta koma gidan Alhaji Abdu? A bar kowa ya gama maganarsa kafin wani ya karɓa.
4. Wanda ya gama littafi ya ara wa maƙwabcinsa, bayan mako guda su zauna su ji abin da kowannensu ya gani a ciki.