Yadda Ake Kafa Sandar Eriya a Gida

Jibiya tana kan hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Maraɗi. In ka wuce Magama ka ƙetare iyaka, sai Ɗan Isa, sa'an nan Maraɗi. Saboda haka mutumin Jibiya yana da rabo biyu wajen sauraron rediyo. Yana jin tashoshin Katsina, yana jin na Maraɗi, duka da Hausa. Ga kuma na nesa, kamar su Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da Sashen Hausa na BBC wanda ya fara magana daga Landan a 1957.

Rediyo ba kayan wasa ba ce a wurinmu. Cikinta muke jin ranar allurar rigakafi, da labarin damina, da ko iyaka a buɗe take ko a rufe. Kun tuna an rufe iyakar nan a watan Agusta na 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai a watan Maris na 2024. Kun kuma tuna a watan Satumba na 2021 an katse layukan wayar salula a Jibiya da waɗansu ƙananan hukumomin Jihar Katsina saboda sha'anin tsaro. A irin wannan lokaci mai akwatin rediyo shi ne kunnen unguwa.

Don haka ne mutane da yawa suke kafa doguwar sanda a gida, su ɗaura eriya a kanta. Abu ne mai amfani. Amma sandar da aka kafa da garaje tana iya kashe mai ita, ko ɗansa, ko maƙwabcinsa. Wannan darasi zai nuna mana yadda za mu yi aikin, mu sauko lafiya.

Me Ya Sa Ake Ɗaga Eriya?

Maganar rediyo ba hanya ɗaya take bi ba. Ta gajeren zango tana tashi can sama, ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Shi ya sa ake jin tashar da ke wata ƙasa da ƙaramin akwati. Irin wannan ba ta bukatar doguwar sanda. 'Yar waya mai tsawo da aka miƙe tsakanin itace da soro ta isa.

Ta FM kuwa miƙe take tafiya, kamar hasken tocila. Tudu yana tare ta, dutse yana tare ta, manyan itatuwa da gine-gine suna rage mata ƙarfi. In ka ɗaga eriya ta wuce rufin gida, sai magana ta fito tangaran. Haka abin yake ga eriyar talabijin.

Amma ku lura, kowace ƙafa da ka ƙara wa sanda, ka ƙara wa kanka aiki. Kada ka yi gasar tsawo da maƙwabcinka. Gwada tukuna. In ƙafa 15 ta kama tasha, ba ruwanka da ƙafa 30.

Sandar eriya tana da abokan gaba uku: wayar lantarki, da iska, da aradu.

Na Farko: Wayar Lantarki

Wannan ce ta fi sauri wajen kisa. Wayoyin da ke bisa falwaya yawancinsu tsirara suke, babu roba a jikinsu. Wutar da ke shiga ɗakinmu, wadda ƙarfinta ya kai bolt 230, ta isa ta tsayar da zuciyar ƙato. To, ina ga ta manyan falwayoyi, mai ƙarfin 11,000 ko 33,000? Irin wannan ba sai an taɓa ta ba. In ƙarfe ya matso kusa, sai ta yi tsalle ta kama shi.

Wani zai ce, "Ai tawa sandar gora ce, ba ƙarfe ba." Kada wannan ya ruɗe ka. Ɗanyen ice da jiƙaƙƙen ice suna ɗaukar wuta. Ko da gorar ta bushe, ai eriyar ƙarfe ce, wayar da ta sauko daga gare ta kuma tana hannunka.

Ga ka'ida, ku haddace ta. Kwantar da sanda a ƙasa tare da eriyarta, ka auna tsawonsu duka. Ninka wannan tsawo sau biyu. Abin da ka samu, shi ne tazarar da za ka bari tsakanin gindin sanda da wayar lantarki mafi kusa.

A ce sandarka ƙafa 20 ce, eriya ta ƙara mata ƙafa 5. Ashirin da biyar ke nan. Sau biyu ya zama ƙafa 50, watau wajen taku 17 manya-manya. In gidanka bai ba da wannan fili ba, rage tsawon sanda, ko ka sake wuri. In duk babu hali, haƙura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada ka ɗaura eriya a jikin falwaya. Kada wayarka ta bi ta bisa wayar lantarki ko ta ƙarƙashinta. Kada kuma ka ce, "Ai an ɗauke wuta." Ba ta sallama in za ta dawo.

Na Biyu: Iska

Kowa ya san iskar da ke gaban hadari a ƙarshen bazara, wadda take yaye kwano, ta tuge darbejiya. Sandar da ba ta kafu ba, ranar nan za ta faɗi.

Ko masana ma iska ta taɓa koya musu hankali. Wani Bature mutumin Italiya, Markoni, yana cikin waɗanda suka fara aika saƙo ba tare da waya ba. Ya kafa dogayen sanduna 20 a bakin teku a Ingila, kowace wajen ƙafa 200. A watan Satumba na 1901 iska ta taso ta rushe su. Sai da aka sake kafa waɗansu kafin saƙonsa ya ƙetare tekun Atlantika a watan Disamba na shekarar. In iska ta kayar da aikin injiniyoyi, me za ta yi wa gorar da aka jingina da katanga?

Ga yadda za ka kafa taka:

1. Zaɓi sanda miƙaƙƙiya, bututun ƙarfe mai kauri ko busasshiyar gora marar tsaga. In ice ne, shafa wa gindinsa baƙin mai saboda gara.

2. Haƙa rami. Sanda mai ƙafa 20 tana son rami mai zurfin ƙafa 4. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙo. In da hali, zuba siminti da tsakuwa. In babu, cika ramin da duwatsu da jar ƙasa, kana zubawa kana daɓewa.

3. Buga turaku uku masu ƙarfi kewaye da ramin, kamar duwatsun murhu. Kowane turke ya yi nisa da gindin sanda aƙalla rabin tsawonta. Karkata kan turken ya ba sanda baya.

4. Ɗaura wayoyi uku na ƙarfe a sanda, kusa da kanta, kowace za ta tafi turke ɗaya. Su ne za su riƙe ta ko ta ina iska ta ɓullo.

5. Gama dukan ɗauri tun sanda tana kwance. Ɗaura eriya, ƙulle noti, bi da waya a jikin sanda. Aikin da za a iya yi a ƙasa, kada a kai shi sama.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nemi mutum huɗu. Ɗaya ya tokare gindi a bakin rami, biyu su ɗaga, suna tallafawa da gwafa, ɗaya ya tsaya gefe yana duban sama, shi ne mai ba da umarni. A kori yara da awaki daga wurin. A yi aikin da safe, ran da babu iska, babu hadari. In sanda ta kuɓuce, kowa ya sake ta ya kauce. Eriya ana sayen wata a kasuwa.

In tilas sai an hau bisa, a sami tsani mai ƙarfi, wani ya riƙe gindinsa. Kuma a aika a gaya wa maƙwabta za a hau, domin matan gida su kimtsa. Wannan ladabi ne da muka gada.

Na Uku: Aradu

Aradu wutar lantarki ce mai tsananin ƙarfi, wadda take taruwa cikin gajimare. In ta tashi sauka, takan fi son abin da ya fi tsawo a wurin. Shi ya sa take yawan faɗa wa giginya da rimi. Ran da ka kafa sanda, gidanka ya sami abin da ya fi kome tsawo, ga kuma waya ta taso daga kansa har cikin ɗakin kwananka.

Ba mai iya hana aradu sauka sai Allah. Amma Allah ya ba mu dabarar yi mata hanya. Wani mutumin Amurka, Benjamin Franklin, ya nuna a 1752 cewa walƙiya lantarki ce. Shi ne kuma ya kawo dabarar kafa tsinin ƙarfe a kan gini, a jawo waya daga gare shi zuwa cikin ƙasa. Manyan turakun kamfanonin waya da kuke gani a bakin hanya duk suna da irin wannan.

Kai ma yi haka. Sayi sandar jan ƙarfe wadda masu gyaran wuta suke bugawa a ƙasa, mai tsawon ƙafa 8. Buga ta kusa da gindin sandar eriya har ta nutse. Busasshen yashi ba ya karɓar wuta sosai, saboda haka nemi inda ƙasa take da laima. Sa'an nan ka haɗa eriya da wannan ƙarfe da wayar jan ƙarfe mai kauri. Wayar ta sauko miƙe, kada ta yi lanƙwasa ko naɗi, ɗaurin kuma ya matse ƙwarai. In ba ka gane ba, kira mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa.

Wannan hanya tana rage ɓarna, amma ba ta kawar da ita duka. Saboda haka da ka ga hadari ya haɗo daga gabas, cire wayar eriya daga akwati, ka fitar da bakinta waje. Yi wannan tun da sauran lokaci. In an riga an fara tsawa, kada ka taɓa ta, nisance ta kurum.

Kana iya sanin nisan aradu da ƙirga. In ka ga walƙiya, fara ƙirga a hankali har ka ji tsawa. Kowane daƙiƙa 3, kilomita ɗaya ke nan. Amma muddin kana jin tsawa, tana iya iso ka. Shiga ɗaki, kada ka koma wurin sanda sai an yi rabin sa'a da jin tsawar ƙarshe.

Uwargida, ga naki. Kada ki yi shanya a wayoyin da ke riƙe da sanda. Kada a ɗaure akuya ko jaki a turakunta. Kada yara su mai da gindinta wurin wasa.

In Tsautsayi Ya Auku

In lantarki ya kama mutum, kada ka cafke shi da hannu, sai ku zama biyu. In wutar gida ce, kashe ta daga babban makunni, ko ka ture wayar da busasshen ice kana tsaye a busasshen wuri. In ta babbar falwaya ce, kada kowa ya matso kusa da taku 10, ko da ice a hannunsa. A aika maza a gaya wa ma'aikatan KEDCO su kashe layin.

Wanda aradu ta faɗa wa daban ne. Waɗansu suna tsoron taɓa shi. Babu sauran wuta a jikinsa, taɓa shi nan da nan. In ba ya numfashi, kwantar da shi rigingine, ka ɗora hannuwanka biyu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, kada ka daina. Wani kuma ya nemo mota a kai shi Babban Asibitin Jibiya. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiya lau yake, a kai shi likita ya duba.

Sauran Magana

Mu mutanen bakin iyaka ne, ga 'yan kwastan, ga sojoji. Kafin ka kafa doguwar sanda, sanar da mai unguwa, domin kada a yi maka mummunan zato. Eriyar da muka yi magana a kanta ta kamo magana ce. Na'urar aika magana kuwa sai da lasin daga gwamnati.

Kowace shekara, kafin ruwan fari, zaga ka duba sandarka. Ko gara ta ci gindi? Ko tsatsa ta ci waya? Ko turke ya yi sako-sako? Gyara tun bazara. Rigakafi ya fi magani.

Karatu da Rubutu

Dubi waɗannan kalmomi biyu: hadari, haɗari. Harafi ɗaya ne ya raba su. Hadari shi ke kawo ruwa. Haɗari shi ke kawo asara. Rubuta kowace sau biyar a littafinka, ka lura da ƙugiyar da ke kan ɗ.

Tambayoyi

1. Faɗi abokan gaban sandar eriya guda uku.

2. Sanda da eriyarta sun kai ƙafa 18. Ƙafa nawa za ka bari tsakaninta da wayar lantarki?

3. Turaku nawa ake bugawa, kuma mene ne aikinsu?

4. Ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙa 9 kafin ka ji tsawa. Kilomita nawa ne tsakaninku?

5. In ka koma gida yau, auna da taku daga tsakar gidanka zuwa falwaya mafi kusa. Rubuta abin da ka samu, ka kawo wa malam gobe.